Ƙorafin Mutanen Illela Kan Icce da Gawayi da Wahalar Isowarsu Murhu

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato,
Gidan Gwamnati, Sakkwato.

Ta hannun Shugaban Ƙaramar Hukumar Illela.



Ranka ya daɗe, muna neman izinin gabatar da kukanmu. Mu ne 'yan sarin icce da gawayi na garin Illela da ƙauyukanta, da masu faskare, da masu amalanke, da direbobin da ke ɗauko kayan. Tare da mu akwai waɗanda abincinsu ya dogara da wuta: masu gidajen burodi, mahauta masu tsire da balangu da kilishi, maƙera, masu shayi, da iyayenmu mata masu tuyar ƙosai da masa da tuwon sayarwa. Akwai kuma manoma da makiyaya daga Araba, Kalmalo, Amarawa, Gidan Hamma, Damba da Tozai. A kasuwa wasunmu masu sayarwa ne, wasu masu saye, kuma kullum sai mun ja da juna a kan farashi. A wannan takarda bakinmu ɗaya ne.

Kusan kowace tukunya a ƙasar Illela da icce ko gawayi ko kara ake dafa ta. Wannan kaya yana fitowa daga wani wuri, ya bi hanya mai nisa, ya ratsa hannuwa da yawa kafin ya shiga murhu. Abin da ke damunmu shi ne, tun daga inda ake sara har zuwa inda ake hura wuta, babu wani sashe na hukuma da ya ɗauki wannan tafiya gaba ɗayanta a matsayin aikinsa. Taki yana da tsarin rabo. Man fetur yana da daffo da masu lissafin tankokin da suka fita. Hatsi yana da rumbunan gwamnati. Makamashin da talaka ke dafa hatsin da shi, an bar shi yana tafiyar da kansa. Mai kula da daji yana duban sara kawai, mai karɓar haraji yana duban mota, asibiti yana karɓar mai tari da mai ciwon ido, kowa da gefensa. Mu da muke tsakiya mu ne muke ganin yadda waɗannan abubuwa suke haɗe.

Kukanmu na farko, nisa. Dattawanmu sun shaida cewa a da, mace kan fita bayan gari da hantsi ta dawo da dami na sabara ko geza ko kalgo kafin azahar. Fari na 1973 da na 1984 sun ci itatuwa da yawa, jama'a ta ƙaru, gonaki suka cinye sauran jeji. Ƙirya, wadda maƙera ba su da gawayin da ya fi nata, ta yi wuyar gani. Marke ma haka. Damina a wajenmu ba ta cika wuce wata huɗu ba, don haka abin da aka sare ba ya saurin mayar da kansa. Yau gawayin da muke sayarwa yawancinsa daga kudancin Kebbi da Jihar Neja yake fitowa. Sai ya yi ɗaruruwan kilomita kafin ya iso Sakkwato, sannan ya ƙara kimanin kilomita 85 zuwa Illela. Dazuzzukan da suka fi kusa, rashin tsaro ya raba mu da su. Ta gabas, babu mai gatarin da zai kusanci dajin Gundumi. Ta yamma, wajen Tangaza da Gudu, kowa ya san halin da ake ciki tun bayyanar Lakurawa. Mai saran icce da shi da gatarinsa da jakinsa yake shiga jeji, ba shi da mai rakiya.

Kowane kilomita kuɗi ne, kuma mai tukunya ne ke biya. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a 2024, man dizal ma ya haura dubu. Abin da ya ƙara tsananta lamarin, yawancin abin da motocinmu ke ɗauka ba wuta ba ne. Ɗanyen icce kusan rabin nauyinsa ruwa ne, to direban da ya lodo shi daga nesa ya ƙona mai wajen jigilar ruwa. Gawayi ya fi sauƙin ɗauka, shi ya sa ya kori icce a doguwar hanya, amma ramin gargajiya da ake toya shi yakan ci kilo biyar zuwa goma na icce kafin ya ba da kilo ɗaya. Buhun da muke saukewa a Illela, a can wata ƙasa an kayar da itatuwa masu yawa kafin a cika shi. Muna sane da haka, kuma ba ya yi mana daɗi. Mutanen can ma watarana za su rubuta irin wannan takarda.

Kukanmu na biyu, kuɗin da ake karɓa a hanya. Ba ma ƙin biyan haraji. Abin da ya gajiyar da mu shi ne biya sau da yawa a kan kaya ɗaya. Ana karɓa a inda aka yi lodi, ana karɓa a shingaye, ana karɓa a ƙofar kasuwa. Wani ya ba da rasit, wani ya ce a ba shi na goro, kuma rasit ɗin baya ba ya hana biyan gaba. Direba ba ya sanin abin da tafiya za ta ci sai ya sauke kaya, don haka yakan ƙara farashi tun kafin ya tashi, saboda tsoron asara. Ba mu ambaci sunan kowa ba, domin gyara muke nema, ba tozarta wani ba. Akwai kuma wata illa da ta fi wannan girma. Mutumin da ya shuka dogon yaro a gonarsa, ya yi shekaru yana ba shi ruwa yana kare shi daga awaki, idan ya sassabe rassansa ya ɗora a amalanke, abin da za a karɓa a hannunsa daidai yake da na wanda ya shiga gandun daji da dare ya kayar da itace. Wani lokaci ma sai an tuhume shi. Da wane dalili ɗansa zai shuka wani?

Na uku, damina. Daga Yuli zuwa Satumba hanyoyin jeji sukan yanke, masu sara su koma gona, abin da ke ƙasa ya jiƙe. A lokacin ne farashi ke tashi, kuma a lokacin ne rumbun talaka ya kusa ƙarewa. Babu rumfa ko ma'ajiya a Illela da za a tara busasshen kaya tun rani a sayar da damina. Ɗan sari ba shi da jarin da zai ɗaure na wata huɗu, kuma babu bankin da zai karɓi tarin icce a matsayin jingina. Mata kan hura jiƙaƙƙen icce da leda ko tsohon takalmin roba, su sunkuya a kai suna fifita, goyo yana bayansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya kashe mutum kusan miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020. Mu ba da lissafi muka san shi ba. Mun san shi a idanun iyayenmu mata da ƙirjin jarirai. Yaran da ya kamata su kasance a aji, da yawansu suna bayan gari suna tsintar ƙirare da kandilo.

Na huɗu, zamanmu a bakin iyaka. Illela da Ƙonni ta Nijar uwa ɗaya uba ɗaya ne. Kasuwarmu ta Lahadi da mutanen Nijar take cika, kuma icce, gawayi, kara da harawa suna ketare iyakar nan ta kowane ɓangare, gwargwadon inda suka fi araha. An rufe iyaka a watan Agusta 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. A watan Nuwamba 2019 aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mu kuwa a ciki muke tsundum. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har watan Maris 2024. Duk waɗannan matakai an ɗauke su ne don dalilan da suka fi ƙarfinmu, kuma mun bi. Amma a kowane karo babu wanda ya zo ya tambayi yadda garin da aka toshe wa ƙofa ɗaya zai dafa abinci. Kalanzir ya haura naira 1,000 a lita tun tuni, iskar gas ma ta haura dubu a kilo. Gidajen ma'aikata da suka koma gas a 'yan shekarun baya, da yawansu sun ajiye tukunyar sun dawo layin gawayi, sai buƙata ta ƙaru a kan kayan da dama bai isa ba.

Mai Girma Gwamna, kukanmu na biyar shi ne ya fi ci mana rai, domin a nan ne maganin yake zube a ƙasa ana tattaka shi.

Jiharmu jihar shinkafa ce. Daga Wurno zuwa Goronyo da Kware, da duk inda ruwan Rima ke kaiwa, ana noma ta damina da rani. Kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafar da ba a casa ba ɓuntu ne. Duk buhu biyar da ya shiga inji, nauyin buhu ɗaya yana fita ta baya. A bayan injinan casa za a ga tulinsa, wani yana cin wuta a hankali kwana da kwanaki, yana damun unguwa da hayaƙi, ba ya dafa wa kowa komai. Akwai ɓawon gyaɗa, akwai ƙaiƙayin gero da dawa a masussuka. A nan Illela kuma muna da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na yankin nan. Kowane mako shanu, raƙuma, tumaki da awaki suna kwana a nan kafin a loda su zuwa kudu, su bar kashi mai yawa, ga kuma tumbi da ƙazantar mahauta.

Dalilin da ya sa waɗannan kaya ba su isowa murhu sananne ne. Ɓuntu ba shi da nauyi, sai cika wuri. Mota za ta cika maƙil da shi alhali ba ta ɗauki rabin ƙarfinta ba, kuɗin mai ya fi kuɗin kayan. Sai an matse shi da inji ya zama dunƙule mai tauri, ya ragu kusan sau takwas ko goma a girma, sannan ɗaukarsa ke da riba. Ke nan injin matsewa a gindin tulin ɓuntu ya kamata ya zauna, a Wurno ko Goronyo, a kawo mana dunƙulen. Idan aka kafa shi a Illela don a faranta mana rai, aka ce a riƙa kawo masa ɓuntu daga nesa, ba zai yi shekara yana aiki ba. Kashin shanu kuwa akasin haka ne. Yana da nauyi da danshi, kuma iskar gas da ake samu idan ya ruɓe a rufaffen rami ba ta jure doguwar tafiya. Ramin dole ya kasance kusa da kasuwar dabbobi da mahauta, masu amfani da wutar su kasance a gefensa: masu abinci, masu shayi, masu ƙona ƙafa da kai. Abin da ya rage bayan an cire iskar taki ne mai kyau, ya koma gona. Wannan ya fi ƙona kandilo, wanda ke hana ƙasa abincinta.

Muna kuma so mu faɗi abin da masu zuwa da takardun shiri ba su cika faɗa ba. Karan gero da na dawa ba shara ba ne a wajenmu. Da shi ake ciyar da dabbobi a bazara, da shi ake danni da rufin ɗaki, kuma wanda aka bari a gona shi ke riƙe ƙasa kada iska ta kwashe ta. Duk shirin da ya ƙirga karan da ke gonakin Illela gaba ɗaya ya ce ga makamashi, zai haɗa manomi da makiyayi faɗa, ya kuma bar gona tsirara. A ɗauki abin da ya yi saura kawai, a cikin tazarar da amalanke ke iya zuwa ta dawo a yini. Shi ma dunƙulen ɓuntu yana da halinsa. Tokarsa tana da yawa, ya fi dacewa da gidan burodi da babbar tukunya a kan ƙaramin murhun ɗaki. Ɓuntu yana da kaifi kamar yashi, yana cinye ƙarfen da ke matse shi cikin ɗan lokaci. Idan babu mai walda a kusa da ya iya gyara wannan ƙarfe, inji zai tsaya a wata na biyu ana jiran kayan gyara daga Legas ko ƙasar waje. Ga kuma lantarki, wanda ba a dogara da shi a karkararmu. A jihar Bihar ta Indiya an yi shekaru ana sarrafa ɓuntun shinkafa ya ba ƙauyuka lantarki, don haka shi kansa ɓuntun yana iya juya injin da ke matse shi. Muna jin labarin cewa manyan masana'antu, irin na siminti, sun fara sayen ɓuntu suna ƙonawa a madadin wani makamashi. Ba mu ga laifinsu ba. Tsoronmu shi ne a wayi gari mai babbar mota ya kwashe duka, kafin a ware wa tukunyar talaka rabonta.

Akwai wani abin da mu 'yan tasha muke gani kullum. Manyan motoci suna tashi daga Illela da dabbobi da albasa, wasu su dawo da rabin kaya, wasu wayam. Sun riga sun ƙona man dawowa. Da akwai wuraren lodi sanannu a kan hanyarsu, da ma'ajiya a nan da za ta karɓa, da kuɗin ɗauko makamashi ya ragu sosai ba tare da gwamnati ta sayi mota ko ɗaya ba. Ga shi kuma babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, daga ƙofarmu ta fara, an ƙaddamar da aikinta a watan Oktoba 2024. Idan aka gama ta babu tsari, za ta sauƙaƙa kwaso gawayi daga dazuzzukan kudu har su ƙare. Idan da tsari, ita ce za ta kawo mana dunƙulen ɓuntu daga manyan injinan shinkafa na Argungu da Birnin Kebbi.

Ranka ya daɗe, ba yau aka fara yi mana alkawari ba, kuma ba yau muka fara haƙuri ba. Tun 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Masananta sun ƙera murhu mai rage cin icce, da ramin gas na kashin dabbobi, da na'urorin girki da busarwa da hasken rana. Ilimin yana nan, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Illela, sama da shekara arba'in, bai samu wanda zai ɗauko shi ya kawo kasuwa ba. A 2007 aka fitar da manufar ƙasa kan man da ake samu daga tsirrai. A watan Nuwamba 2014 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 9.2 don sayen murhun zamani 750,000 a raba wa matan karkara. A 2015 aka yi dokar kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, jiharmu tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. A Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. A 2024 aka amince da manufar ƙasa ta girki mai tsabta. Duk mun ji su a rediyo, mun yi murna, mun yi addu'a. Bayan wannan duka, duwatsu uku ne har yanzu a yawancin madafanmu, kuma mafi yawan zafin wutar a iska yake tafiya, kaɗan ne ke shiga tukunya.

Ba mu ce ba a yi komai ba. An raba dashe, an yi bukukuwan shuka itatuwa, wasu sun rayu. Amma kowane shiri yakan kama gaɓa ɗaya ya saki sauran. A kawo murhu ba a tanadi abin da za a sa masa ba, ko mai gyara shi idan ya fashe. A shuka itace ba a faɗi mai shi ba, sai rani ya zo babu mai ba shi ruwa. Shekara da shekaru ana kiranmu masu kashe daji a wajen taro, mun yi shiru. An ce mu daina sara, muka ce to, a nuna mana abin da za mu sayar wa mutane su dafa tuwo. Har yau muna jiran amsa. Ba mu tare hanya ba, ba mu rufe kasuwa ba, ba mu ɗaga murya ga kowa ba.

Abin da muke roƙo ba baƙon abu ba ne, maƙwabtanmu sun gwada shi muna kallo. A kwarin Majiya, wanda ruwansa ke gangarowa ta Ƙonni zuwa tafkin Kalmalo, an fara dasa layukan dogon yaro tun 1975 don tare iska, daga baya mutanen wurin suka riƙa sassabe su suna samun icce da sanduna. A ƙasar Maraɗi, tun 1983, manoma suka rungumi sassabin zamani, wato barin tohon kututture a gona a zaɓi masu ƙarfi a rene su. Aikin ya bazu har ya kai kimanin hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram, kuma abin da ya riƙe shi shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne. A farkon shekarun 1990 Nijar ta zauna ta ƙididdige iccen da Yamai, Maraɗi da Damagaram ke ci da inda yake fitowa, kuma a 1992 ta yi dokar kasuwannin icce na karkara. Ƙauye yana kula da dajinsa, ana yanka masa adadin da zai sara a shekara, ana karɓar haraji sau ɗaya a inda aka sayar, wani kaso ya zauna a ƙauyen, kuma iccen dajin da ake kula da shi ya fi sauƙin haraji a kan na dajin da ba shi da mai shi. Tsarin bai tsira daga matsala ba, wasu kasuwannin sun mutu, a wasu wuraren an wuce adadi. Duk da haka ya nuna cewa ana iya yi wa icce tsari, kuma maƙwabtanmu ne suka yi.

Saboda haka, cikin ladabi, muna roƙon Mai Girma Gwamna abubuwa kamar haka.

A ɗora wa ofishi guda alhakin makamashin girki tun daga tushe har murhu, wanda za mu san ƙofarsa. Aikinsa na farko ya zama ƙidaya: mota nawa da amalanke nawa ke shigowa Illela da icce da gawayi a mako, rani da damina, daga ina, nawa suke kashewa a hanya, ɓuntu nawa injinan jihar nan ke zubarwa, kashi nawa kasuwar dabbobi ke tarawa. Masanan jami'armu za su iya wannan aiki, mu kuma za mu buɗe musu littattafanmu, mu raka su tasha da kasuwa. Kada a sayi inji ko ɗaya kafin a gama wannan.

A mayar da haraji guda ɗaya, da rasit guda da za a girmama daga wurin lodi har wurin saukewa. A sauƙaƙa shi a kan iccen da aka shuka da dunƙulen ɓuntu, a tsananta shi a kan ɗanyen itacen da aka kayar a gandu. A kuma ba manomi takarda, da shaidar hakimi da mai unguwa, cewa itacen da ya rena a gonarsa nasa ne, yana da ikon sassabe shi.

A ba mu fili da rumfa a kusa da kasuwa don ajiyar busasshen kaya, da rancen da ba ruwa a cikinsa wanda za mu saya da rani mu biya bayan damina. A auna kaya da sikeli, domin mai saye ya san abin da ya biya.

A fara da gwaji ƙarami: injin matse ɓuntu guda a inda ɓuntun yake, ramin gas guda a gefen mahautar Illela, a hannun 'yan kasuwa da za su ci riba idan ya yi aiki su yi asara idan ya tsaya, tare da horar da maƙeranmu da masu walda. Sabon kaya ba ya tsayawa sai da tabbataccen mai saye, kuma gwamnati ita ce babbar mai sayen icce a jihar nan, ta makarantun kwana da asibitoci da sauran wuraren da take ciyar da jama'a. Idan ta yi alkawarin sayen dunƙulen na shekara biyu ko uku, masu burodinmu sun ce za su bi baya.

A ƙarshe, a zauna da hukumomin Ƙonni da na Tawa a kan wannan batu, domin jejin ɗaya ne, iskar da ke kwashe ƙasa ma ɗaya ce. Muna kuma roƙon Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, ya sa baki ta hannun hakimai da limamai, domin maganar itacen gona da ta kiwo ba ta zama sai da su.

Wasunmu sun san cewa idan wannan tsari ya kankama, cinikin gawayin da suka gada zai ragu. Mun tattauna wannan a tsakaninmu, mun yarda, muddin za a sa mu cikin sabon cinikin, mu da muka san kowane lungu da kowace mai tuya a garin nan. Muna roƙon Mai Girma Gwamna ya turo wakilai su zo Illela ranar Lahadi, su ga kasuwar da idonsu, su zauna da mu, kuma a ba mu amsa a rubuce kafin damina mai zuwa ta sauka.

Allah ya ja zamanin Mai Girma Gwamna, ya ba jiharmu da ƙasarmu lafiya da zaman lafiya, amin.

Mu ne naka masu biyayya,
a madadin 'yan sarin icce da gawayi, masu sana'ar wuta, manoma, makiyaya da matan ƙasar Illela.